Gane Bindiga Daga Ƙararta: Abin da Na'ura Ke Iyawa da Abin da Ake Jingina Mata

A watan Satumba na 2024 birnin Chicago na Amurka ya kashe na'urorin sauraren harbin bindiga da ya kafa a unguwanninsa, bayan an shafe shekaru ana ja-in-ja a kansu. A daidai lokacin kuwa wasu biranen, a Amurka da wajenta, sabunta kwangilarsu suke yi da kamfanin da ke samar da na'urorin. Masu yabo na cewa sun ceci rayuka, masu suka na cewa ɓarnar kuɗin jama'a ce. Can gefe guda kuma ga tallace-tallace da rubuce-rubuce da ke nuna cewa ƙirƙirarriyar basira ta kai inda kwamfuta za ta ji ƙara sau ɗaya ta faɗi sunan bindigar da ta yi ta.

Yawancin ruɗanin ya taso ne daga cusa tambayoyi daban-daban cikin magana ɗaya. In an ce na'ura tana gane harbi, ana iya nufin ta tabbatar ƙarar da aka ji ta bindiga ce, ba fashewar taya ba. Ana iya nufin ta nuna inda aka yi harbin. Ana iya nufin ta faɗi jinsin makamin: ƙaramar bindiga ce ko doguwa, ɗaiɗai take fitar da harsashi ko a jere. Ana kuma iya nufin ta ware bindiga guda tak daga cikin dubban irinta ta ce wannan ce. Kimiyyar sauti ta yi nisa ƙwarai a tambaya ta biyu, tana taɓukawa a ta farko, tana tangal-tangal a ta uku, ta huɗu kuwa babu wata karɓaɓɓiyar hanya da ta kai gare ta. Duk mai shirin sayen irin wannan na'ura, ko mai yanke hukunci bisa shaidarta, ya kamata ya san wacce daga cikin huɗun ake yi masa alkawari.

Abin da ke cikin ƙarar harbi

Abin da kunne ke ji a matsayin ƙara guda, sautuka ne biyu ko uku da suka hau kan juna.

Na farko shi ne fashewar bakin bindiga. Idan aka danna kunama, albarushin da ke cikin kwanso ya kama wuta, iskar ƙunar ta tunkuɗo harsashi ta cikin bututu, sannan ta biyo bayansa ta fashe a sarari. Ƙarfin wannan fashewa a kusa da bindiga yakan wuce desibel 140, a manyan bindigogi har ya haura 160. Desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti. Hirar mutum biyu tana wajen 60, kunne kuma yakan fara jin zafi daga wajen 120 zuwa 130. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne gajartar fashewar. Ba ta wuce milisakan 3 zuwa 5, milisakan kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan. Dogon rugugin da ke biyo baya ba daga bindigar yake fitowa ba, amsa-kuwwa ce daga ƙasa da bango da rufin gidaje. Ke nan kaso mafi tsoka na sautin da aka naɗa labarin wurin yake bayarwa, na makamin ɗan kaɗan ne a farkonsa. Daga nan kusan duk wahalar wannan fanni ta samo tushe.

Na biyu shi ne tsawar harsashi. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a sakan idan zafin iska yana digiri 20. Harsashin AK-47 yana fita da gudun kimanin mita 715 a sakan, na M16 ya haura 900. Duk abin da ya fi sauti gudu yakan keta iska ya bar igiyar matsi a bayansa, tana buɗewa hagu da dama kamar yadda ruwa ke darewa a bayan kwalekwale mai inji. Wanda harsashi ya gifta kusa da shi wani siririn "tas" zai fara ji, daga baya ƙarar bakin bindigar ta iso. Wannan tsawa tana da daraja wajen bincike, domin tsawonta yana da alaƙa da kauri da tsayin harsashin da kuma nisan da ya gifta da shi. Sai dai ba kullum ake samunta ba. Harsashin fistol mai faɗin inci 0.45 tafiyar mita 250 da 'yan kai yake yi a sakan, bai kai gudun sauti ba, don haka ba ya da ita. Kwanson da albarushi ne kawai a cikinsa babu kan harsashi, irin na atisaye, shi ma ba ya da ita. Inda ma akwai ta, sai wanda ke gaban bindigar ne zai same ta.

Na uku shi ne ƙarar ƙarafan bindigar da faɗuwar kwanso, wanda ba ya wuce 'yan taku, kuma ba kasafai yake amfanar na'urar tsaro ba.

Daga igwa zuwa titin birni

Dabarar ta girmi kwamfuta. A Yaƙin Duniya na Ɗaya rundunar Birtaniya ta ɗora wa William Lawrence Bragg, wanda ya samu kyautar Nobel a 1915 yana ɗan shekara 25, aikin gano maɓoyar manyan bindigogin igwa na Jamus ta hanyar sauti. Aka jera makirufo, wato na'urorin ɗaukar sauti, nesa da juna a bayan ramukan yaƙi, ana auna bambancin lokacin da rugugin igwa ya isa kowanne. Aikin ya kankama bayan William Tucker ya ƙirƙiro makirufo mai kama sauti mai kauri a 1916.

Shigowarta birane ta biyo ta hannun masu nazarin girgizar ƙasa. A 1992 John Lahr, ma'aikacin hukumar binciken ƙasa ta Amurka a Menlo Park da ke jihar California, ya gwada lissafin gano cibiyar girgiza a kan ƙarar harbe-harben da ke addabar yankin, ya ga yana aiki. A 1996 Robert Showen ya kafa ShotSpotter, kamfanin da daga baya ya samar da na'urorin Chicago, aka fara gwada tsarinsa a Redwood City. Kamfanin ya sauya suna zuwa SoundThinking a 2023, lokacin da na'urorinsa ke aiki a birane fiye da 150.

Sojoji kuma suka bi tasu hanyar. Da harbin kwanton-ɓauna ya yawaita a kan ayarin motocin Amurka a Iraƙi a 2003, hukumar binciken fasahar tsaro ta Amurka, DARPA, ta sa kamfanin BBN ya ƙera Boomerang, sanda mai makirufo bakwai da ake kafawa a kan mota. Nan take take sanar da soja ta ɓangaren da harbin ya fito. Akwai bambancin da ake yawan mantawa tsakanin wannan da ta birni. Motar soja ita ake harbi, saboda haka tsawar harsashi da fashewar bakin bindiga duka suna iso mata, daga tazarar da ke tsakaninsu ta lissafa nisa har ta yi ƙiyasin girman harsashi. Na'urar da ke kan rufin bene a birni ba ita ake hari ba. Abin da ke iso mata galibi ragowar fashewa ce da ta yi tafiyar ɗaruruwan mitoci tana karo da gine-gine. Idan mai talla ya kawo nasarar ta soja a matsayin hujjar ingancin ta birni, ya haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba.

Gano wurin da aka yi harbi

Nan ne ƙafar fasahar ta fi tsayawa da ƙarfi, kuma lissafin ba mai wuya ba ne. Akan kafa na'urorin saurare 15 zuwa 25 a kowane murabba'in mil, kowacce da agogon da tauraron ɗan'adam ke daidaitawa. Idan ƙara ta isa wata na'ura rabin sakan bayan ta isa 'yar'uwarta, an san ta biyun ta fi ta farko nisa daga wurin harbin da kimanin mita 170. Bambanci ɗaya yana ba da layi a taswira. In na'urori uku ko fiye suka ji, layukan sai su haɗu a wuri guda.

Abubuwan da ke kawo kuskure sanannu ne. Gudun sauti yana ƙaruwa da kimanin mita 0.6 a sakan a kan kowane digiri na zafi, don haka a ranar bazara mai digiri 40 yana kaiwa 355, a sanyin asuba mai digiri 14 kuma 340. Iska tana karkatar da shi. Dogon gini yana tare shi, na'ura ta ji amsa-kuwwa ta ɗauka ita ce ƙarar asali. Duk da haka alkawarin da ShotSpotter ke sanyawa a kwangilolinsa shi ne gano kashi 90 cikin 100 na harbi a cikin da'irar mita 25. Sharuɗɗan alkawarin sun cancanci a karanta su: harbin ya zama a waje ne, ba cikin ɗaki ko mota ba, bindigar ba ta da na'urar rage ƙara a bakinta, harsashin kuma ya wuce faɗin inci 0.25.

A cikin gini lissafin yakan rikice saboda yawan amsa-kuwwa. Shi ya sa na'urorin da ake kafawa a makarantu da ofisoshi, irin waɗanda aka sa a wata makaranta a Methuen ta jihar Massachusetts a 2014, suke haɗa sauti da wani firikwensi mai ganin walƙiyar zafin da ke fita daga bakin bindiga.

Harbi ne ko wani abu daban?

Wasan wuta, bugun salansar babur, fashewar taya, sakin ƙarfe a wurin gini: duka gajerun ƙararraki ne masu tashi farat ɗaya, kuma daga nesa suna kama da juna. Hanyar da ake bi a yau ita ce a mayar da sauti hoto mai nuna yadda kaurinsa da sirantarsa ke sauyawa cikin lokaci, a ba manhaja dubban irin waɗannan hotuna da aka riga aka yi wa laƙabi, har ta koyi rarrabewa. Wannan shi ne abin da ake nufi da ƙirƙirarriyar basira a nan. Ba ta san bindiga ba, kamanni take kwatantawa da abin da aka taɓa nuna mata.

Kamfanin da ya fi kowa daɗewa a harkar ma bai bar wa manhaja hukunci ita kaɗai ba. Kowace sanarwa sai ta bi ta hannun ma'aikacin da zai saurara ya duba hoton sautin kafin a tura wa 'yan sanda, duka cikin ƙasa da minti guda. Wani rahoton kamfanin dillancin labarai na AP a farkon 2023 ya nuna cewa ma'aikatan sukan sauya hukuncin manhajar a kusan kashi 10 cikin 100 na lokuta. Kamfanin na cewa ingancinsa ya kai kashi 97 cikin 100. Masu suka na amsawa cewa an gina alƙaluman ne a kan yawan ƙorafin da 'yan sanda suka mayar wa kamfanin, alhali ɗan sandan da ya je bai ga komai ba ba shi da hanyar sanin ko harbi aka yi ko ba a yi ba. A ganina wannan suka tana da nauyi. Ingancin gaskiya sai an auna shi da gwajin da aka san adadin harbin da aka yi da na sauran ƙararraki, a titi na ainihi, a hannun wanda ba ya cin moriyar sakamakon.

Wace irin bindiga ce?

A filin gwaji, inda makirufo mai inganci yake a tazara ɗaya da kusurwa ɗaya, bindigogi suna da bambancin da ake iya aunawa. Yawan albarushi, tsawon bututu da faɗinsa, da abin da aka ɗaura a bakin bindigar, duk suna sauya siffar fashewar. Shi ya sa ake samun rahotannin bincike da ke cewa manhaja ta rarrabe bindigogi da inganci mai ban sha'awa. Tambayar ita ce me ke faruwa idan aka fito daga filin gwaji.

Robert Maher na Jami'ar Jihar Montana, ɗaya daga cikin waɗanda suka fi daɗewa suna wannan nazari, ya kewaye bindigogi da makirufo ta kowace kusurwa ya naɗi harbinsu. Ya nuna cewa ƙarar bindiga ba daidai take bazuwa ba: tsakanin gaban doguwar bindiga da bayanta ana iya samun bambancin da ya kusa desibel 20, siffar sautin ma ta sauya. Sakamakon haka, bindiga ɗaya da aka naɗa ta gaba da ta baya tana iya fin bambanta da kanta a kan yadda bindigogi biyu daban da aka naɗa daga kusurwa ɗaya suka bambanta. A titi kuwa babu wanda ya san inda mai harbi ya fuskanta.

Sai nisa. Ƙarfin sauti yana raguwa da desibel 6 duk lokacin da tazara ta ninka, iska kuma ta fi saurin shanye siraran sautuka, waɗanda su ne ke ɗauke da ƙananan alamun da ake nema. Sai harsashi: bindiga ɗaya tana sauya murya in an sauya mata kamfanin harsashi ko yawan albarushi. Sai na'urar naɗa. Makirufon waya an ƙera shi ne don muryar mutum. Ƙarar harbi ta kusa tana fin ƙarfinsa, ya datse samanta, wayar ta rage ƙarfin sautin da kanta, manhajar aika saƙo kuma ta matse fayil ɗin ta zubar da wani ɓangare. Bidiyon da ya zagaya ta WhatsApp sau uku ya riga ya rasa mafi yawan abin da mai bincike zai so ya auna.

Akwai kuma matsalar abin da aka horar da manhaja da shi. Ɗaya daga cikin tarin sautukan da ɗalibai suka fi amfani da shi, UrbanSound8K na 2014, yana da guntaye 8,732 a rukuni goma, na harbin bindiga bai kai 400 ba a ciki, kuma ba a rarraba su bisa nau'in makami ba. Wasu kan cike giɓi da sautin fina-finai da wasannin kwamfuta, alhali waɗannan an haɗa su ne a situdiyo don su burge kunne. Wani kuskuren da ya fi wannan ɓoyuwa shi ne a naɗi kowace bindiga a wuri ɗaya a rana ɗaya, a raba sautukan gida biyu, a koyar da rabi a jarraba da rabi. Manhajar za ta ci jarrabawa, amma mai yiwuwa amsa-kuwwar filin ta haddace.

Abin da ya fi tsira daga waɗannan matsaloli shi ne tazarar da ke tsakanin harbi da harbi, tunda lokaci ba ya lalacewa da nisa. AK-47 tana fitar da kimanin harsashi 600 a minti, wato goma a sakan. M16 tana tsakanin 700 da 950. Fistol ɗin Glock da aka maƙala wa ɗan ƙarfen da ke mayar da shi mai sarrafa kansa yana kaiwa wajen 1,200. Da wannan ana iya cewa an yi amfani da makami mai sarrafa kansa, ana kuma iya gane cewa masu harbi biyu ne idan jerin ya hau kan juna ko ya fito daga wurare biyu. Sai dai bindigogi irin su G3 da FN FAL da PKM duka suna kewayen 500 zuwa 700, ga shi datti da tsufa da irin harsashi suna sauya saurin kowacce. Sunan AK-47 ma a bakin jama'a ya haɗa AKM da Type 56 ta ƙasar Sin da wasu da dama masu cin harsashi iri ɗaya. Harin Las Vegas na 1 ga Oktoba, 2017 ya nuna iyakar wannan ma'auni: waɗanda suka ji jerin harbin, kimanin tara a sakan, sun ɗauka mashinga ce, ashe bindigogi ne masu fitar da ɗaiɗai da aka sa wa wani gindi mai mayar da yatsa kan kunama.

Ware bindiga guda daga cikin irinta kuwa har yanzu aikin madubin ƙara girma ne, inda ake kwatanta zanen da bututu ya bari a jikin harsashi da tabon da ke bayan kwanso. Sauti bai maye gurbin wannan ba.

Shaidar sauti a gaban masu bincike

Misalai biyu sun isa nuna gefe da gefe. A 1978 wani kwamitin majalisar wakilan Amurka ya dogara da sautin rediyon 'yan sandan Dallas ya kammala cewa mai yiwuwa mutum biyu ne suka yi harbi ranar da aka kashe Shugaba John Kennedy a 1963. A 1982 kwamitin Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ya sake nazari ya ce sautukan da aka ɗauka harbi ne an naɗe su kusan minti guda bayan kisan. Masana ne a ɓangarorin biyu, faifai ɗaya suka saurara.

A ɗaya gefen, bayan kisan 'yar jaridar Aljazeera Shireen Abu Akleh a Jenin ranar 11 ga Mayu, 2022, kafafen labarai sun ba Maher da wani masanin, Steven Beck, sautin bidiyon da aka ɗauka a wurin. Da yake kyamarar tana gaban bindigar, an samu tsawar harsashi da fashewar bakin bindiga, tazararsu kusan kashi uku cikin goma na sakan. Daga nan aka ƙiyasta nisan mai harbi da kimanin mita 180 zuwa 200, wanda ya zo kusa da inda ayarin sojan Isra'ila yake. A lura da abin da sautin ya bayar: nisa. Gudun harsashin sai da aka ɗauko shi daga sanin irin makaman da ke wurin aka sa a lissafi.

Shin tana rage kashe-kashe?

Ko da na'ura ta yi aikinta daidai, wannan tambaya ce mai zaman kanta. Hujjar masu goyon baya ita ce yawancin harbi ba a kai rahotonsa. Binciken Jillian Carr da Jennifer Doleac na 2016, da ya duba bayanan Washington da Oakland, ya gano cewa kusan kashi 12 cikin 100 ne kawai na harbe-harbe ake bugo wa 'yan sanda waya a kansu. Idan mutum na kwance yana zubar da jini a lungu babu wanda ya kira, sanarwar na'ura tana iya zama abin da ya kawo masa ɗauki. Da wannan hujja mafi yawan 'yan majalisar birnin Chicago, har da wakilan unguwannin da harbi ya fi ƙamari, suka yi adawa da shawarar Magajin Gari Brandon Johnson ta rufe tsarin.

Masu adawa kuma suna da nasu alƙaluman. Ofishin babban mai binciken birnin ya duba sanarwa 50,176 daga Janairun 2020 zuwa Mayun 2021, ya tarar a kusan kashi 9 cikin 100 ne kawai aka samu shaidar laifin da ya shafi bindiga. Mai binciken kuɗi na birnin New York ya fitar da rahoto a 2024 mai nuna cewa kashi 13 cikin 100 na sanarwar watan Yunin 2023 ne aka tabbatar harbi ne. Kamfanin ya amsa cewa rashin samun shaida ba ya nufin ba a yi harbi ba, tunda mai harbi yakan gudu, wasu fistol ɗin ma ba sa zubar da kwanso. Amsar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ba ta kawar da tambayar sa'o'in aikin 'yan sanda da ke tafiya a banza ba. Wani nazari na 2021 da ya duba manyan gundumomi 68 daga 1999 zuwa 2016 bai ga raguwar kisa da bindiga da za a danganta da tsarin ba. Eric Piza da abokan aikinsa, da suka nazarci Chicago da Kansas City, sun ga ƙaruwar bindigogi da shaidun da ake tattarawa, amma ba su ga raguwar harbin mutane ko ƙaruwar warware laifuka ba.

Akwai kuma haɗarin da ke tattare da sanarwar kanta. Ɗan sandan da aka ce masa yanzun nan aka yi harbi a wuri kaza yana isa ne da shirin tarar da mai makami. A Maris na 2021 ɗan sanda ya harbe wani yaro ɗan shekara 13 a Chicago bayan irin wannan kira. A birnin dai, wani dattijo ya shafe kusan shekara guda a tsare bisa zargin kisan da aka ce ya yi a cikin motarsa, shaidar sauti na cikin abin da aka dogara da shi, kafin masu gabatar da ƙara su janye a 2021 saboda ƙarancin hujja. Kamfanin ya ce tun asali ya gargaɗi abokan hulɗarsa kada su dogara da na'urar a harbin cikin mota.

Batun sirri bai kai waɗannan zafi ba, amma yana nan. Makirufo ne, kuma an taɓa gabatar da muryoyin mutane da ya kama a shari'o'i a Oakland da New Bedford. Bayan bitar da wata cibiya ta Jami'ar New York ta yi a 2019, kamfanin ya rage lokacin ajiye sauti daga sa'a 72 zuwa 30. A 2024 mujallar WIRED ta samu jerin wuraren na'urori fiye da 25,000, wanda ya nuna sun fi yawa a unguwannin talakawa da na baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka.

A nahiyar Afirka

Afirka ta Kudu ce ta fi gwada tsarin birni, a unguwannin Cape Town irin su Hanover Park da Manenberg inda gungun 'yan daba ke musayar wuta, haka kuma an gwada shi a gandun dajin Kruger don kama masu farautar karkanda. Muhawarar can ba ta bambanta da ta Chicago ba: sanarwa na zuwa da sauri, motar sintiri da za ta amsa ce ba kullum ake da ita ba.

Duk wata hukuma a yankinmu da za a kawo wa tallan irin wannan na'ura, akwai abubuwan da ya kamata ta auna. Kuɗin da aka saba ambata a Amurka dala 65,000 zuwa 90,000 ne a kowane murabba'in mil a shekara, wato haya ce da ake sabuntawa. Tsarin yana buƙatar wutar da ba ta yankewa da layin sadarwa, alhali a Satumban 2021 gwamnati da kanta ta rufe layukan waya a Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Manhajar da ta koyi aiki a titunan Amurka ba ta taɓa jin bindigar toka ta hawan sallah ba, ko harba-ka-rugar mafarauta da 'yan banga, ko yadda rufin kwano da katangar ƙasa ke mayar da sauti. Sai an sake horar da ita da sautin gida, an kuma jarraba ta a gida. Sannan matsalar da aka ƙera ta dominta ita ce harbin da ba a kai rahotonsa ba a cikin cunkoson birni. Ƙauyen da aka far wa da tsakar dare ya san an yi harbi, ya san ta inda aka ɓullo. Abin da yake jira shi ne wanda zai zo.

Wani amfani mai sauƙin kuɗi ya fito daga gandun dajin Korup na Kamaru, daf da iyakar jihar Kuros Riba. Daga 2013 masu bincike, tare da ƙwararrun sauraren giwaye na Jami'ar Cornell, sun rataye na'urorin naɗar sauti masu batir a bishiyoyi, suna kwaso su bayan watanni, manhaja ta tsamo ƙarar harbi, mutum ya tantance. Ba su nemi sanin sunan bindiga ba, ba su kuma yi ƙoƙarin cin ma mai harbi ba, ƙidaya kawai suka yi. Ƙidayar ta nuna cewa mafi yawan farautar da dare ake yin ta, kuma ƙara yawan sintirin masu gadin daji bai kawo raguwar harbin da aka yi tsammani ba, abin da rahoton masu sintirin kansu ba zai taɓa nunawa ba.